Ƙaiƙayin da ke jin magana da wanda ba ya ji

Gwaggona ta yi takaba cikin hunturu a gidanmu na Bagalam, kuma a cikin takabar nan ne ƙaurinta na hagu ya soma ƙaiƙayi. Da farko ɗan wuri ne bisa idon sawu, bai fi faɗin dala biyar ba. Kafin shekara ta zagayo ya kai tafin hannu. Fatar ta yi kauri, ta yi baƙi ƙirin, ta yi zane-zane kamar ta jikin guza. In dare ya raba, daga ɗakin da nake kwana ina jin ƙarar, ƙarat, ƙarat, ƙarat. Totuwar masara take ɓoyewa ƙarƙashin matashi. Da safe sai a ga ɗigon jini a zanen gado. In ka ce ta bari, sai ta dube ka ta ce, "Ɗan nan, ba ni ke susa ba. Hannun ne ke tahiya da kanshi."

Ƙarƙashin gadon akwai wata kwalla mai murfi, ranar da na buɗe ta na ƙirga magani iri takwas. Akwai garin ganyen bedi, da man zaitun da aka yi wa tofi, da habbatus sauda, da wani sabulu mai warin kibiritu, da bututun man shafawa guda uku da aka sayo a tasha, sai wata ƴar roba marar rubutu ko ɗaya, cike da farin mai mai ƙamshin turare, wadda ta ce ita kaɗai ke yi mata aiki. Kuɗin da suka tafi a kwallar nan sun haura jika talatin. Ana cikin haka sai jikanta da ke jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya turo mini wani bidiyo a WhatsApp: wani Bafaranshe yana magana a hankali, wata mata ta lumshe ido a kujera, an rubuta a ƙasa cewa ta rabu da ekzema, wato ciwon fata mai ƙaiƙayi da bushewa, bayan shekara ashirin. Ya tambaye ni, "Kawu, wannan gaskiya ne ko damfara?"

Amsar ba ta shiga saƙo ɗaya, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Abin da ke cikin bidiyon shi ne Faransawa ke kira ipnoz, ni dai barcin ido biyu nake ce masa, ko da yake ba barci ba ne. Mutum yana zaune yana jin duk abin da ake faɗa, sai dai an tattara hankalinsa wuri guda har sauran duniya ta ja baya. Duk wanda ya taɓa nutsewa cikin sauraron labari har aka kira sunansa sau uku bai ji ba ya ɗanɗani gefen abin. A cikin wannan hali mai maganin zai riƙa shigar da magana: ka ji kamar an zuba wa wurin ruwan randa, sanyi yana ratsa fatar, hannunka ya yi nauyi ba ya son tashi. Daga baya a koya wa mutum ya riƙa yi wa kansa a gida. Babu aljani a ciki, babu surkulle, kuma ba a ƙwace wa mutum ikon kansa. Mutane kuma ba ɗaya suke ba: ƙalilan suna nutsewa sosai, ƙalilan ko kusa, mafi yawa suna tsakiya.

Asalin abin ma da rikici ya faro. Wani likita Bajamushe, Franz Mesmer, ya cika Paris da iƙirarin cewa akwai wani ƙarfi irin na maganaɗisu da ke fita daga jikinsa yana warkar da mutane. A 1784 sarki Luwi na 16 ya naɗa kwamitin masana, ciki har da Benjamin Franklin da Lavoisier, suka rufe wa mutane ido suka gwada. Wanda aka ce masa ana yi masa aikin alhali ba a yi, sai ya faɗi yana shure-shure. Wanda aka yi wa a ɓoye ko gezau. Kwamitin ya ce babu wani maganaɗisu, zato ne kawai ke aiki. An ɗauki wannan hukunci a matsayin tonon silili, amma a cikinsa akwai wani abin mamaki da aka daɗe ba a kula ba: ashe zato kaɗai yana iya motsa jiki haka. James Braid, likitan fiɗa a Manchester, shi ya raba abin da tatsuniyar maganaɗisu a shekarun 1840, kuma a 1955 ƙungiyar likitocin Birtaniya ta amince a yi amfani da shi a wasu fannonin jinya.

To me ya haɗa fata da magana? Tun a cikin mahaifa, fata da ƙwaƙwalwa da jijiyoyi daga shimfiɗa ɗaya ake gina su, kuma zumuncin bai yanke ba. Tsoro yana tada tsigar jiki, kunya tana sa gumi ya keto cikin sanyi. Bahaushe da ya ce wa wani irin kumburin fata borin jini ya lura da wani abu. In damuwa ta daɗe, jiki yana zuba sinadaran tashin hankali, su kuma suna raunana shingen fata, suna tsokanar ƙananan ƙwayoyin da ke sakin sinadarin ƙaiƙayi. A 1995 masu bincike a jami'ar jihar Ohio ta Amurka sun yi wa mata ɗan ƙaramin yanka iri ɗaya a hannu. Rabinsu masu jinyar dattijon da ya ruɗe ne a gida, rabi ba su da wannan nauyi. Raunin masu jinyar ya ɗauki kusan kwana 9 fiye da na sauran kafin ya rufe. Ƙaiƙayi kuwa har yaɗuwa yake ta ido da kunne, kamar hamma. Ina da yaƙinin wani mai karanta wannan ya riga ya kai hannu wuya.

Sai kuma susar kanta, wadda ita ce bakin zaren. Susa tana da daɗi domin ɗan zafin da farce ke jawowa yana danne saƙon ƙaiƙayi na ɗan lokaci. Amma farcen yana yaga fata, fatar da ta yage tana kumbura, kumburi yana ƙara ƙaiƙayi, fatar tana kare kanta da yin kauri, kuma fata mai kauri ta fi kowace ƙaiƙayi. Karin maganar nan ta masussuka, ƙaiƙayi koma kan masheƙiya, ta dace da wannan ƙaiƙayin ma. Bayan ƴan watanni hannu ya koyi hanya, yana zuwa ko babu ƙaiƙayin: lokacin tunani, lokacin jiran abinci, cikin barci. Gwaggo ba ta yi ƙarya ba da ta ce hannun ke tafiya da kansa.

Nan ne ipnoz ke da ƙofar shiga, kuma nan ne ya kamata a auna shi.

Labarin da masu tallarsa suka fi so shi ne na Albert Mason, wani matashin likita a Ingila. An kawo yaro ɗan shekara 16 wanda kusan duk jikinsa ya rufe da baƙar fata mai tauri, tana tsagewa tana wari. Mason ya zaci tusar jaki ce ta yi yawa, kuma ya san ana gwada ipnoz a kanta, sai ya sa yaron cikin wannan hali ya ce masa hannunsa na hagu zai washe. Cikin kwana goma ɓawon ya zube, lafiyayyar fata ta bayyana. Daga baya aka tabbatar ba tusar jaki ba ce, wata cuta ce ta gado da aka haife shi da ita, wadda ba a san ta da magani ba. An buga labarin a mujallar likitocin Birtaniya a 1952, duniya ta ɗauka. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, masu irin cutar sun yi ta zuwa wurin Mason bayan haka, bai sake samun irin wannan nasara ba. Shi kansa ya danganta abin da cewa a karon farko bai san cutar ba ta warkuwa ba, don haka ya yi magana da cikakken yaƙini. Mutum ɗaya, sau ɗaya, fiye da shekara saba'in da suka wuce: abin al'ajabi ne, amma ba a kafa asibiti a kansa.

Tusar jaki kuwa ita ce gonar kowane mai magani a duniya, daga boka har mai ipnoz, saboda dalili mai sauƙi: a jikin yara, kusan biyu cikin uku suna ɓacewa da kansu cikin shekara biyu ko ba a yi komai ba. Duk wanda ya yi tofi ko ya ɗaura zare a watan da za ta tafi, shi ya ci suna. Wannan ita ce babbar matsalar auna maganin cututtukan fata masu daɗewa gaba ɗaya. Ekzema da soriyazis, wata cutar fata mai ɓawo-ɓawo, suna tashi suna kwantawa. Mutum ba ya neman sabon magani sai ciwo ya kai maƙura, daga maƙura kuma sauka ake yi. Saboda haka kowane magani, har ruwan kwata, yana da shaidu masu rantsuwa da Allah, kuma ba ƙarya suke yi ba.

In aka zo ga gwaji na tsanaki, abin da ke hannu kaɗan ne amma ba fanko ba. A 1995 an buga wani aiki a Ingila kan manya 18 da yara 20 masu ekzema da ta ƙi jin magani. Bayan ipnoz ƙaiƙayi da susa da rashin barci sun ragu, sai dai ba a ware wani rukuni da ba a yi wa ba don a kwatanta. A 1998 Jon Kabat-Zinn a Massachusetts ya ɗauki masu soriyazis 37 da ake gasa wa fata da hasken asibiti, ya sa wa wasunsu kaset na natsuwa suna saurare a cikin akwatin hasken, kuma fatarsu ta riga ta sauran washewa. A lura: ba a ɗauke musu hasken ba, ƙari aka yi a kansa. Cibiyar binciken lafiya ta Faransa, Inserm, ta tace ayyukan da aka yi kan ipnoz a 2015, inda ta fi samun hujja shi ne rage zafi da tsoro lokacin fiɗa, da wani ciwon hanji mai nasaba da damuwa. Fata ba ta cikin sahun gaba. Hukuncina a nan shi ne, ipnoz yana iya kama hannu, ya sassauta ƙaiƙayi, ya dawo da barci. Wanda ya ce zai tumɓuke ekzema daga tushe da shi, ya faɗi abin da ya fi ƙarfin hujjarsa.

Akwai ma wata dabara ƴar uwarsa da ta fi shi sauƙi, ba ta kuma buƙatar gwani. Likitoci a Suwidin sun gwada ta a shekarun 1980, aka ci gaba da ita a Landan. Mako na farko ba a hana mutum susa, ana ba shi ɗan abin ƙirga ne ya danna duk lokacin da hannu ya tafi. Abin ƙirgar nan ba shi da bambanci da carbin zamani da ake saƙalawa a yatsa, wanda ake sayarwa a bakin kowane masallacin Juma'a. Mutum yakan firgita in ya ga adadin da yamma. Daga nan sai a koya masa: in hannu ya tashi, ya dunƙule shi ya ƙirga talatin, in ƙaiƙayin bai lafa ba, ya danna wurin da yatsa ko ya ɗan mintsina, kada ya ja farce. Ana haɗa wannan da man asibiti, kuma waɗanda suka haɗa biyun sun fi masu shafa mai kaɗai samun sauƙi.

Mu a Maradi yawancinmu a waya muka fara ganin ipnoz, amma warkarwa da murya ba baƙuwa ba ce a garin nan. Muna da malamin da ke tofi, da rubutun sha, da masu ruƙiyya, kuma kowa ya san garin nan da Tibiri suna da tsohon tarihin bori da girka, har da sarautar Iya da ta Inna da ke kula da shi a fada. Ba ina cewa addu'a ipnoz ce ba, kuma ba na haɗa malam da ɗan bori a tabarma ɗaya; wannan magana ce ta aƙida, tana da masu ita. Abin da nake nunawa na zahiri ne. Macen da ta je wurin malam tana samun wanda zai zauna, ya tambaye ta yaushe abin ya faro, ya ji labarin rasuwar mijin, ya ce mata in Allah ya so za ta warke, da muryar da ba ta rawa. A asibiti layi ya kai bakin ƙofa, likita yana da minti biyar, wani lokaci ko zanen ba a ɗaga ba an rubuta takarda. In damuwa tana hura ƙaiƙayi, to natsuwar da ta samo a zauren malam ba wasa ba ce, kuma likitan da ya yi mata dariya ya yi asarar abokin aiki.

Amma akwai ƙaiƙayin da ba shi da kunne, kuma shi ya fi yawa a unguwanninmu.

Ƙazuwa ƙwaro ce. Macen tana haƙa rami a cikin fata, tana zuba ƙwai biyu zuwa uku kullum, a tsakanin yatsu, a wuyan hannu, a gindin cibiya, a matsematsi. Ƙaiƙayinta ya fi tsanani da dare, kuma alamarta mafi girma ita ce ba ta kama mutum ɗaya: in uwa na susa, yara na susa, to a daina zargin jini ko sammu. Je ka makarantar allo inda yara talatin ke kwana a tabarma ɗaya ka dubi hannuwansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2017. Maganinta yana nan a farmasi, na shafawa daga wuya har tafin ƙafa ko na haɗiya, amma sai an yi wa duk gidan rana ɗaya, an wanke tufafi da shimfiɗa an shanya a rana. Ko bayan ƙwaron ya mutu ƙaiƙayin kan yi makonni kafin ya tafi, a nan mutane ke cewa maganin bature bai yi ba, su koma kwalla. Makero kuma naman gwari ne. In ya hau kan yaro ya cinye gashi, shafe-shafe ba ya isa saiwar gashin, sai an sha ƙwaya makonni shida zuwa takwas. Wani ƙaiƙayin ma ba na fata ba ne sam, saƙo ne daga hanta ko ƙoda ko ciwon suga ko sida.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne tabon da ba ya ƙaiƙayi. Wuri ya yi haske a baya ko a damtse, ba zafi, ba susa, in an taɓa da auduga mutum bai ji ba. Wannan yana iya zama kuturta, wadda kan yi shekara biyar ko fiye a jiki kafin ta nuna kanta. Maganinta kyauta ne a duniya tun 1995, wata shida ko goma sha biyu, kuma ga asibitin Danja nan kudu da gari, sun daɗe suna wannan aiki. Wanda ya zo da wuri yana warkewa da yatsunsa cif. Wanda ya yi shekara biyu yana shafa garin magani, ƙwayar cutar tana cin jijiya a hankali, kuma jijiyar da ta mutu ba ta dawowa. Illar maganin da ba ya aiki ba a cikin kwalba take ba, a cikin watannin da ya cinye take.

Yanzu ga ƴar robar nan marar rubutu. Gwaggo ta ce in ta shafa da dare, da safe wurin ya kwanta, in ta bari kwana uku ya taso fiye da da. Duk wanda ya san kortizon, maganin asibiti mai kwantar da kumburi da ƙaiƙayi, ya san wannan hali. A 1999 likitoci a wani asibitin Landan sun auna man gargajiyar Sin guda 11 da masu ekzema ke shafawa, suka sami kortizon mai ƙarfi a cikin 8. A 2003 a Birmingham aka auna guda 24 da iyaye ke shafa wa yara da sunan haɗin ganye, 20 suna da shi, wasu ma da clobetasol, wanda ke sahun mafi ƙarfi. In haka ta faru a ƙasar da ke da masu sa ido, sai a yi tunanin kasuwar da kaya ke kwararowa ta Dan Isa a bayan babur. Ba wuya ba ne mutum ya matse bututu biyar cikin man kaɗe, ya ɗiga turare, ya ce sirrin kakansa ne. Man bilicin da ƴan mata ke shafawa da man nan mai haɗi uku da ake sayarwa a tebur duk gidan ɗaya ne.

Kada a fahimce ni a karkace. Kortizon ba abokin gaba ba ne, shi ne ginshiƙin maganin ekzema, kuma tsoronsa fiye da kima ya bar yara da yawa cikin wahala. Bambancin shi ne sani: wane ƙarfi, a wane wuri, na kwana nawa. Wanda ya dace da ƙauri mai kauri yana lalata fuska da matsematsin jariri. In an daɗe ana shafa mai ƙarfi ba a sani ba, fata tana sirancewa har jijiyoyi su fito, tana yin nankarwa, ƙuraje su feso, kuma a jikin jariri yana ratsawa cikin jini. In aka shafa shi a kan makero ko ƙazuwa, ƙaiƙayi ya lafa, cutar kuma ta bazu a ɓoye ta sauya kama har likita ya kasa gane ta. Haɗin ganye na sha kuma ya fi na shafawa haɗari. A farkon shekarun 1990 a Beljiyam, mata kusan ɗari sun lalata ƙodarsu da wani haɗin ganye na rage ƙiba, kuma a 1999 aka sami mata biyu a Ingila da irin wannan ganye ya kashe wa ƙoda, su kuwa don ekzema suka sha.

Tsaga da ƙaho ma suna da nasu. Wani likitan Jamus, Heinrich Köbner, ya lura a shekarun 1870 cewa mai soriyazis in ya ji rauni a lafiyayyar fata, cutar tana tsirowa daidai wurin. Cikin misalansa har da inda doki ya ciji mutum. Haka albaras ke yi, wato farin tabon da ba na kuturta ba. Wanzami ya yi tsaga goma don ya fitar da mugun jini, bayan mako biyu a sami sabon tabo goma a jere. Ga kuma masu jikin da tabo ke kumbura ya yi tudu, waɗanda ba su da kaɗan a cikinmu.

Duk da haka wanda ya ce itatuwa ba su da komai bai san tarihin maganin da yake rubutawa ba. Tun ƙarni na 13 Ibn al-Baitar, masanin tsirrai na Andalus, ya bayyana yadda ake maganin albaras da ƴaƴan wata ciyawa ta bakin kogin Nilu tare da zama a rana. A shekarun 1940 likitan fata Abdel Monem El Mofty a Alƙahira ya yi aiki da sinadarin da aka tace daga ciyawar, kuma a 1974 a Boston aka haɗa shi da fitilar asibiti, ya zama magani sananne na soriyazis da albaras. Wani tsohon maganin soriyazis, dithranol, daga garin wani itacen Brazil ya samo asali. Har shuni: a Taiwan an buga gwaji a 2008 inda man da aka haɗa da shunin ganye ya rage soriyazis. Kada wani ya ruga marina, domin shunin yau yawanci na kanti ne da ake haɗawa da soda mai ƙuna. Abin da ya raba ciyawar Ibn al-Baitar da maganin Boston awo ne. Masu shan ta ba awo sun sha ƙuna da bororo, kamar yadda mai goga lemun tsami a fuska ya shiga ranar Maradi ke tashi da baƙin tabo, ko mai ɗaura dakakkiyar tafarnuwa ya kwana ya tashi da ƙuna.

Abin da ya fi kowane amfani cikin kayan gida kuma shi ne wanda ba a yi masa kirari: maiƙo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, fatar mai ekzema kuwa tsagaggen bango ce, ruwa na fita, ƙura da ƙwayoyin cuta na shiga. Iskar hunturu tana ƙara tsaga ta, mu kuma mu bi ta da ruwa mai zafi da soso da sabulun wanki. Man kaɗe tsantsa ko basilin marar turare, a shafa da yawa jiki na da danshi, bayan wanka da bayan alwala, yana rage tashin ciwon da yawan kortizon da za a buƙata. Sai dai ba kowane mai ba. A Sheffield a 2013 an ɗiga wa mutane man zaitun a hannu ɗaya mako huɗu, aka ga yana raunana shingen fata, alhali man furen rana bai yi haka ba. Albarkar zaitun tana nan a cikin abinci; a kan fatar da ta tsage ne ake jan hankali. Man gyaɗa kuma, mu da gyaɗa ta gina garinmu, wani bincike na 2003 kan yaran yankin Bristol ya alaƙanta shafa shi a fatar jariri mai ƙuraje da jiki ya riƙa yin bori in an ci gyaɗa daga baya.

Gwaggo dai mun kai ta wurin likitan fata. Ya ɗaga zanen, ya kankari wurin ya duba don ya tabbatar ba makero ba ne, ya sa aka auna suga. Ya ce kaurin susa ne. Ya rubuta kortizon mai ƙarfi na mako uku, a shafa a naɗe da bandeji da dare don hannu ya tarar da ƙofa a rufe, sannan a rage a hankali. Ƴar robar ya ce a bar masa. Tofin da take karɓa ya ce ta ci gaba, a dai riƙa yi a ruwan sha ko a basilin. Ni kuma na yanke mata farce, na sayo carbin yatsa na biyu, ja, don kada ya haɗu da na zikiri. Ranar farko ta danna sau 214, ta ce carbin ne ya lalace. Jikan nata ya naɗar mata muryarsa a waya, minti goma, yana cewa ta lumshe ido ta ji ƙafarta cikin ruwan Madarunfa da sanyin safiya. Dariya ta yi ta yi, ta ce yaron ya zama boka, amma tana kunnawa, kuma sau da yawa kafin ya ƙare ta yi barci. Cikin wata biyu fatar ta yi laushi. Baƙin bai tafi duka ba, likita ya ce wannan sai a hankali.

Bara da kaka ƙaramin ɗanta ya tafi haƙar zinariya can arewa bayan Agadas, aka yi mako uku wayarsa ba ta shiga. Wani dare na ji ƙarar nan ta dawo. Da safe na shiga gaishe ta, na ɗaga matashi, ga sabuwar totuwa. Na sa ta a aljihu ban ce komai ba. Tana kan sallaya, ko waiwayowa ba ta yi ba, ta ce, "Ɗan nan, aje mini abuna. In ya kira, kai da kanka ka sa ta a murhu."